Tabon yarinta: me ya sa tunanin abin da ya wuce ke faɗo wa mutum bayan ya girma?

Akwai manya da ƙarar buga ƙofa ko ɗaga murya kaɗai kan sa gabansu ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa, alhali babu haɗari a kusa. Wasu kuma hoton abin da ya same su suna ƙanana ne ke faɗo musu a rai a tsakiyar aiki ko salla. Likitocin ƙwaƙwalwa kan danganta irin wannan da firgicin da aka sha a yarinta, kamar duka mai tsanani, fyaɗe, rasa iyaye ko ganin kisa lokacin rikici.

Lamarin ya shafi gidaje da yawa a Nijeriya. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 da tallafin UNICEF ya gano cewa yara 6 cikin 10 na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18.

Ƙwaƙwalwar yaron da ya tashi cikin tsoro takan saba da zaman ɗar-ɗar. Ko bayan ya girma ya bar gidan, jikinsa bai daina gadi ba. Daga nan rashin barci, mugun mafarki, saurin fushi da wahalar amince wa mutane ke samo asali.

Abin da ya fi ci wa masu wannan lalura tuwo a ƙwarya shi ne tunanin da ke zuwa ba da son ransu ba, wani lokaci mai muni ƙwarai. Da yawa kan ɓoye shi don tsoron a ce sun haukace ko aljanu sun shafe su. Zuwan irin wannan tunani ba shaida ba ce ta halin mutum ko niyyarsa. Ƙoƙarin danne shi da ƙarfi kuma yakan ƙara masa naci, kamar yadda gwajin masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya nuna a Amurka a 1987.

Ana samun sauƙi ta hanyar zama da ƙwararre a warware abin da ya faru sannu a hankali, wani lokaci haɗe da magani. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri, Kware da Yaba na duba irin wannan, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta haramta nuna wa majinyaci wariya. Idan tunanin ya koma na kashe kai, a garzaya asibiti a ranar.