Gyambon Ciki: Daga Ciwon Rai-da-Rai Zuwa Jinyar Mako Biyu

Ilmin cututtukan ciki da hanji reshe ne mai faɗi ƙwarai a cikin likitanci, domin ya kama tun daga maƙogwaro har zuwa dubura, ya kuma haɗa da hanta da matsarmama. Ba zai yiwu a tattaro shi duka a lacca guda ba. Saboda haka aka keɓe ciwo ɗaya, watau gyambon ciki, wanda jama'a suka fi sani da sunan olsa. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, da wuya a sami wani ciwo da ra'ayin likitoci ya juya a kansa baki ɗaya cikin ɗan ƙanƙanen lokaci kamarsa. Ciwon da a dā ake ɗauka abokin zama ne har kabari, yau ana iya raba mutum da shi cikin kwana 14. Sai dai kuma wannan nasara ta fara zaizayewa, kuma bayanin yadda take zaizayewa shi ne nauyin wannan lacca.

Tumbin ɗan Adam yana fitar da wani ruwa mai tsananin tsami, wanda masana ke kira asid, domin narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cutar da suka biyo shi. Abin da ke hana wannan ruwa cinye tumbin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangonsa. Idan wannan kariya ta raunana a wani wuri, sai asid ya ci naman wurin, ya bar miki. Wannan miki shi ne gyambon ciki, kuma galibi a tumbi yake fitowa ko a bakin ƙaramin hanji, inda abinci ke fara sauka bayan ya bar tumbi.

A shekarar 1910 wani likitan tiyata mai suna Karl Schwarz ya kafa ƙa'idar cewa gyambo ba ya samuwa sai da asid. Maganarsa gaskiya ce, amma rabin gaskiya, kuma a kan wannan rabi likitoci suka yi gini har shekara saba'in. A 1915 Bertram Sippy na birnin Chicago a Amurka ya fito da tsarin ba majinyaci madara duk bayan sa'a guda tare da maganin kashe tsami, dabarar da ba ta da nisa da jiƙon kanwa da ake sha a ƙasar Hausa idan ciki ya yi zafi. Wanda madara ta kasa, sai wuƙa: a yanke wani sashe na tumbinsa, ko kuma, daga 1943, a datse jijiyar da ke umartar tumbi ya fitar da asid. A 1976 aka fara sayar da cimetidine a Ingila, ƙwayar da ke rage asid ba tare da tiyata ba, sa'an nan omeprazole ya biyo baya a 1988, wanda ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Waɗannan magunguna sun warkar da miki cikin 'yan makonni. Amma da zarar an daina sha, sai gyambon ya dawo wa mafi yawan majinyata kafin shekara ta kewayo. Aka ɗora laifin a kan damuwa da yawan tunani da yaji da zama da yunwa, aka kuma sallama cewa mai olsa ba ya rabuwa da magani.

Kafin a kai ga abin da ya rushe wannan tunani, wajibi ne a ambaci na'urar leƙa ciki. A 1957, a Jami'ar Michigan, Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu, ya haɗa wani siririn bututu mai lanƙwasa da ke ɗauke da haske, ya fara zura shi a maƙogwaronsa kafin ya gwada a kan majinyaci. Da irin wannan na'ura likita ke ganin bangon tumbi ido da ido, har ya tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero a kai ɗakin bincike.

Irin waɗannan 'yan guntayen nama ne Robin Warren yake dubawa a asibitin Royal Perth da ke yammacin Ostareliya, lokacin da ya lura a 1979 da wasu ƙwayoyin bakteriya masu siffar murɗaɗɗen zare, kwance a ƙarƙashin yauƙin tumbi, kuma duk inda suke akwai kumburi. Littattafan likitanci na lokacin sun ce babu ƙwayar da za ta rayu cikin asid, don haka ba wanda ya kula shi sai wani matashin likita, Barry Marshall, da ya haɗu da shi a 1981. Sun yi ta ƙoƙarin raya ƙwayar a faranti suna kasawa, saboda ma'aikatan ɗakin bincike suna zubar da farantan bayan kwana biyu, bisa al'adar aikinsu. Sai a hutun Ista na 1982 aka bar wasu farantai har kwana biyar, aka dawo aka tarar ƙwayar ta tsiro. Ashe jinkirin girma ne da ita. Da manyan likitoci suka ci gaba da shakka, Marshall ya ɗauki ruwan da aka raya ƙwayar a ciki ya shanye a 1984. Cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka leƙa tumbinsa aka ga ya kumbura. Gyambo bai fito masa ba, ya kamata a faɗi wannan, domin masu ba da labarin sukan ƙara masa gishiri. Amma ya tabbatar ƙwayar na iya kama lafiyayyen tumbi ta raunana shi. A 1989 aka raɗa mata sunan da take amsawa yanzu, Helicobacter pylori. A 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa ba mai gyambo maganin kashe ƙwayar, kuma a wannan shekara ce hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Warren da Marshall sun karɓi kyautar Nobel a 2005.

Yadda ƙwayar ke tsira cikin asid abin mamaki ne. Tana da wani sinadari da ke farfasa yuriya, watau gishirin nan da jiki ke fitarwa a fitsari wanda kuma akwai kaɗan daga cikinsa a ruwan tumbi, ta mai da shi amoniya. Amoniya kuwa tana kashe kaifin asid kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa. Da wannan laima ƙwayar ke ratsa yauƙi ta manne a bango, ta zauna shekaru aru-aru. Galibi tun ana yara ake ɗaukarta, a cikin gida, ta hanyar yawu ko amai ko ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, amma mafi yawansu ba za su taɓa sani ba. Kimanin mutum 1 cikin 10 ne gyambo ke fito wa, sa'an nan 1 ko 2 cikin 100 ke kamuwa da sankarar tumbi. Adadin na ƙarshe ƙarami ne a ido, amma idan aka auna shi da yawan masu ɗauke da ƙwayar sai ya zama babba: a 2022 an ƙiyasta mutum wajen 660,000 sankarar tumbi ta kashe a duniya. Idan kuwa aka kawar da ƙwayar daga tumbin mai gyambo, waɗanda ciwon ke dawo wa ba su kai 1 cikin 10 ba.

Arewacin Nijeriya yana da gurbi a wannan tarihi. Binciken da likita Holcombe da abokan aikinsa suka yi a Maiduguri, wanda aka buga a 1992, ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gwada jininsu sun haɗu da ƙwayar, da yawa tun suna ƙanana. Duk da haka rahotannin sankarar tumbi a asibitocin yankin ba su da yawa, har Holcombe ya kira lamarin wani ɗaurin gwarmai na Afirka. An yi ta kawo dalilai, daga irin abinci zuwa tsutsar ciki da ke sauya yadda jiki ke faɗa da cuta. Wasu masana daga baya suka ce babu wani ɗaurin gwarmai: inda na'urar leƙa ciki ta yi ƙaranci, ba a kuma rubuta sanadin mutuwar yawancin mutane, rashin rahoto ba ya nufin rashin ciwo. Wannan hujja ta biyun tana da nauyi, kuma ba daidai ba ne a kwantar wa jama'a hankali da ƙididdigar da ba a tattara ba.

To, ina matsalar take a yau? Ta farko tana cikin kalmar olsa kanta. Ta zama buhun da ake zuba kowane ciwon ciki: ƙwannafi da kumburin ciki da tsakuwar matsarmama da ciwon hanta, har da ciwon zuciya da kan ɓuya a bayan zafin ƙirji. Mutum zai yi shekara goma yana cewa yana da olsa, ba a taɓa leƙa cikinsa ba, ba a taɓa gwada shi ba, yana sayen omeprazole a kemis duk lokacin da ciwon ya motsa. Maganin yana kwantar da zafi, amma ba ya kashe ƙwayar, kuma yana iya rufe alamun sankara har lokaci ya ƙure. Aman jini, da baƙin bayan gida mai kama da kwalta, da rama ba dalili, da wahalar haɗiye abinci, da ƙarancin jini, duk alamu ne da ke bukatar a leƙa ciki ba tare da jinkiri ba, musamman ga wanda ya manyanta. Haka kuma akwai sanadi na biyu na gyambo wanda ba ruwansa da ƙwayar cuta, watau magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac da piroxicam. Suna raunana yauƙin tumbi kai tsaye. Manomi ko lebura ko tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke haɗiyar haɗin 'yan talla kullum da yamma don gajiya, suna kan hanyar gyambo ko da babu ƙwayar a cikinsu. Yunwa da yaji kuwa suna iya tsokano zafin mikin da ya riga ya samu, amma ba su ne ke haƙa shi ba.

Gwajin ma yana da nasa tarko. Wanda ya fi yaɗuwa kuma ya fi araha shi ne na jini, alhali kuwa abin da yake nunawa kawai shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko da an kashe ta tun bara. A wurin da 8 cikin 10 suka taɓa haɗuwa da ita, amfaninsa kaɗan ne. Gwajin bayan gida da gwajin numfashi su ne ke nuna tana nan da rai, da sharaɗin majinyaci ya dakatar da omeprazole mako biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu, kafin a yi.

Matsala mafi girma ita ce ƙwayar ta fara gagarar magani. Haɗin da aka saba da shi tun shekarun 1990 magani uku ne: mai rage asid, da amoxicillin, da clarithromycin ko metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl. Duk lokacin da mutum ya sha ɗaya daga cikinsu don tari ko gudawa, ko ya fara jinyar ya yanke a kwana na huɗu don ya ji sauƙi, ƙwayoyin da suka fi rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su hayayyafa. A ƙasashen Afirka da dama, inda ake shan Flagyl kamar gyaɗa da zarar ciki ya murɗa, yawancin ƙwayoyin da aka gwada ba sa jin sa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Helicobacter mai gagarar clarithromycin cikin jerin ƙwayoyin da ake bukatar sabon magani dominsu. An cire ta a jerin 2024, amma gagarar ba ta ragu ba. Ƙa'idar masana ita ce, inda gagarar clarithromycin ta haura kashi 15 cikin 100, a bar haɗin ukun nan sai in an gwada ƙwayar majinyacin an ga tana jin sa. A madadinsa ake ba da haɗin huɗu na kwana 14: mai rage asid, da bismuth, da tetracycline, da metronidazole. Yana aiki, amma jinya ce mai wuya. Ƙwayoyin sun haura goma a yini, suna kawo tashin zuciya da ɗacin baki, bismuth yana baƙanta bayan gida, kuma ba a kowane kantin magani ake samunsa ba. Likitan da ya rubuta wannan haɗi bai zauna ya yi wa majinyaci bayanin abin da zai ji ba, tamkar ya ba shi izinin yankewa ne a tsakiya. Bayan an gama, sai an sake gwaji bayan mako huɗu ko fiye kafin a ce an warke, matakin da aka fi tsallakewa.

Akwai sababbin abubuwa masu ƙarfafa zuciya. Vonoprazan, maganin rage asid da aka fara sayarwa a Japan a 2015, Amurka kuma ta amince da shi a 2022, yana danne asid da sauri kuma ya daɗe, har a wasu wurare ana haɗa shi da amoxicillin kaɗai. Akwai kuma gwaje-gwajen da ke gano ko ƙwayar mutum za ta ji clarithromycin tun kafin a ba shi. Wasu ƙasashe sun wuce jinyar mai ciwo zuwa rigakafin sankara. A tsibiran Matsu na Taiwan an fara gwada manya baki ɗaya ana ba masu ƙwayar magani daga 2004, sankarar tumbi ta ragu da kimanin rabi. Japan ta sa jinyar cikin inshorar lafiya a 2013 ga duk wanda aka ga ƙwayar ta kumbura masa tumbi. Ko irin wannan tsari zai dace da ƙasar da yawancin jama'arta ke ɗauke da ƙwayar, ga tsadar magani, ga yiwuwar sake kamuwa daga ruwan sha, wannan tambaya ce da sai binciken cikin gida zai amsa, domin raba maganin kashe ƙwayoyin cuta ga miliyoyin mutane yana da nasa haɗari.

Allurar rigakafi har yanzu babu wadda aka amince da ita. Abin da ya rage ƙwayar a ƙasashen da ta ragu ya riga magungunan nan zuwa: ruwan famfo mai tsabta, da masai, da raguwar cunkoson yara a ɗaki guda. A Japan, cikin waɗanda aka haifa wajen 1940 fiye da kashi 60 cikin 100 suna ɗauke da ita. Cikin waɗanda aka haifa wajen 2000 kuwa ba su kai kashi 10 ba.