Haɗewa ko Rarrabewa: Nazari a kan Tsarin Wutar Lantarki a Nijeriya

Duk injiniyan da zai tsara babban aiki mai sassa da yawa sai ya fuskanci tambaya guda: wane sashe ne zai iya tsayawa da ƙafarsa, wane ne kuma dole ya rataya ga cibiya? Wannan maƙala ta ɗauki babban layin wutar lantarki na Nijeriya a matsayin misali.

Layin na ƙasa guda ne. Tashoshin ruwa na Kainji, Jebba da Shiroro, da na iskar gas da ke Kudu, duk a cikinsa suke zuba wuta, kuma daga cibiyar Osogbo ake lura da shi. Hikimar haɗewar a fili take: idan ruwa ya ja baya da rani, tashoshin gas su cike giɓin. Sai dai dole wutar kowace tasha ta riƙa kaɗawa da bugu ɗaya, sau 50 a daƙiƙa. Da zarar babbar tasha ta faɗi ba zato, sai bugun ya sauka, sauran su kashe kansu don gudun lalacewa, ƙasa ta auka cikin duhu.

A 2013 an sayar da kamfanonin samar da wuta da kamfanonin rarrabawa 11, gwamnati ta riƙe na dakon wutar. Mallaka aka raba, waya kuwa tana nan guda. Shi ya sa a Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya sami matsala, jihohin Arewa da dama suka yi kwanaki babu wuta.

Wannan bai sa warewa ta zama magani ba. Jihar Texas ta Amurka ta keɓe yawancin layinta, kuma da tsananin sanyi ya daskarar da tashoshinta a Fabrairun 2021, 'yar wutar da ta iya jawowa daga maƙwabta ba ta kai ko'ina ba. Haka ƙaramar tashar hasken rana: tana riƙe asibitin ƙauye, amma masana'antun Sharaɗa sun fi ƙarfinta.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu. A ganin mai wannan nazari, ikon ba zai yi tasiri ba sai shiyya ta mallaki tashoshin da za su ɗauki nauyinta idan aka yanke ta daga babban layi. Kano da maƙwabtanta ba su kai nan ba tukuna.