Yadda Ɗan Ci-rani Ke Tattala Guminsa

Da an gama girbi an kai dammunan gero da dawa rumbu, wajen watan Nuwamba, sai ka ga samari da magidanta sun fara raguwa a ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa, haka ma na Tawa da Maraɗi da Damagaram. Damina a wannan yanki wata huɗu ce zuwa biyar, wani wurin ma ba ta kai ba. Sauran watannin gona ba ta neman kowa, in ba mai fadama ba. Wasu su nufi Kano da Kaduna da Abuja, wasu Ikko da Badun da Fatakwal, wasu har Kumasi da Abijan.

Mai tafiyar nan ya ci ribarsa ta farko tun bai sami sisi ba, domin bakinsa ya fita daga rumbu. Gidan da maza biyu ko uku suka bar shi tsawon wata shida, hatsinsa zai iya kai mata da yara tsakiyar damina, lokacin da kwanon gero ke tsada kuma ake bukatar ƙarfin noma. Ko da mutum ya dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya riga ya tsare wa gida wani abu. Wanda bai gane wannan lissafi ba shi ke mamakin abin da zai sa mutum ya bar ɗakinsa ya je yana kwana a rumfar kasuwa.

Kayan tafiyar duka ba sa wuce buhu ɗaya: tabarma, bargo saboda hunturu, buta, riga biyu ko uku, ƙaramar waya, sai guzurin garin gero da ƙuli-ƙuli da yaji. Kada a ɗauka rashi ne kaɗai ya kawo haka. Mutumin da ba shi da ɗakin da zai kulle, duk abin da ya mallaka ya zama abin gadi, kuma in aiki ya yanke a inda yake yau, so yake gobe ya saɓa buhunsa ya nufi inda ya ji ana gini. Ko jarin sana'ar ma irin wanda ake ɗauka a hannu ake zaɓa: akwatin wankin takalmi, almakashi da askar yankan farce, gatarin faskare. Abin da ya fi ƙarfin hannu kuwa, kamar kurar ruwa ko babur, hayarsa ake yi, a biya mai shi kullum da yamma.

Dubi mai ruwa. Da asuba zai tura kura zuwa burtsatse, ya jera jarkoki goma, kowace mai cin lita 25, nauyin ruwan kaɗai kilo 250 ke nan, ya biya mai burtsatse, sannan ya shiga lunguna. In ya zo gangara sai ya jingina bayansa yana tokarewa da ƙafa, in hawa ce ya sunkuyar da kai ya danna da ƙirji. Abin da ya rage bayan kuɗin ruwa da na kura shi ne nasa, kuma daga ciki ne zai ci. Shi ya sa za ka same shi da rana a gindin bango yana jiƙa garin kwaki da sukari, ya gutsuri ƙuli-ƙuli. Abinci mai miya sai dare, in ciniki ya yi kyau.

Duk wannan ba ya yiwuwa ga mutum shi kaɗai. Sabon zuwa wurin 'yan garinsu yake sauka. Su za su matsa masa wurin kwana a ɗakin da suke karo-karon kuɗinsa, su za su tsaya masa wurin mai kura, su nuna masa unguwar da ba a shiga da dare. A saman su akwai maigida, a saman maigida akwai Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango, wanda ake kai wa ƙara in an kama wani, ake kuma nemansa in an yi rasuwa. Tsarin ya daɗe: unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, kuma zangunan Gana sun tashi ne a kan fataucin goro da shanu.

A ganina wurin ajiya ne tsarin ya fi rauni. Kuɗi a aljihun mai kwana a waje ba su da tabbas, don haka ake zuba adashi, ko a damƙa wa wani mai shago yana rubutawa a littafi. Da can direban mota ake ba saƙo ya kai gida, yanzu mai POS ke turawa. Amma mai shago na iya karyewa, uwar adashi na iya ɓacewa, kuma doka na iya sauyawa rana ɗaya, kamar yadda gwamnatin jihar Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2020, ta sake tsanantawa a 2022. Akwai kuma tsimin da ke zama asara: hawa saman tirela don ragin kuɗin mota ya ci rayuka da yawa, kuma mai zazzaɓin da ya ƙi zuwa asibiti don kada ya taɓa ajiyarsa yakan ƙare da cinye ta a kwance.

Da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu ko Yuni, sai a karɓi ajiya a juya ta ta zama buhun taki, iri, kwanon rufi, atamfar mai ɗaki, ko tunkiyar kiwo. Sai dai a sassan Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka hana noma, mutane da yawa ba su da gonar da za su koma wa, ci-raninsu ya zarce shekara. Idan ka ɗauki ɗayansu aiki, ka biya shi a ranar, domin yara na can ƙauye suna jiran wannan kuɗi.