GYARAN TSOHON JIRGIN RUWA: KWALTA BA TA MAIDA RUƁAƁƁEN ICCE SABO

Daga watan Afrilu zuwa watan Yuni ruwan kogin Isa yana ja da baya. A wannan lokaci, wanda ya bi gaɓa daga Ayoru zuwa Tilaberi, ko daga Yamai zuwa Gaya, zai ga jiragen ruwa a kife bisa rairayi. Wani ana kankare shi, wani ana buga mashi ƙusa, wani kuma an shafe shi da kwalta yana shan iska. Wannan shi ne lokacin gyara. Abin da aka yi wa jirgi cikin waɗannan watanni shi zai nuna yadda mai shi zai wanye da ruwa in kogi ya cika.

Kogin Isa yana ratsa ƙasar Nijar tsawon wajen kilometir 550. Amma ba mutanen kogi kaɗai wannan magana ta shafa ba. Akwai masunta a tabkin Madarunfa kusa da Maraɗi, da Tabalak a jihar Tawa, da Gidimuni a jihar Damagaram, da Komadugu da tabkin Cadi a jihar Difa. Ga magidancin da ke waɗannan wurare, jirgi kamar jaki ne ko amalanke. Da shi yake su, da shi yake zuwa fadamar shinkafa, da shi yake kai iyali kasuwa ko gidan likita. In jirgi ya mutu, tukunyar gidan ta ragu.

DALILIN DA TSOHON JIRGI YA YI DARAJA

A da, in jirgin mutum ya tsufa, sai ya nemi masassaƙi su shiga daji su zaɓi babban maɗaci ko kawo ko maje. A kada shi, a fafe cikinshi da gatari da gizago, a samu jirgi na gungume guda. Yanzu irin waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci ƙwarai. Farin 1973 da na 1984 sun kashe da yawa, gonaki da gatarin masu icce sun ci saura. Maɗacin da zai isa a fafe jirgi sai ya shekara gommai yana girma, wanda ya shuka shi ba lalle ya ga ranar sassaƙa ba. Bayan haka dokar daji ta ƙasa, wadda aka sabunta a 2004, ba ta bar kowa ya kada irin waɗannan itatuwa ba sai da izinin ma'aikatan ruwa da daji.

Shi ya sa jiragen da ake yi yanzu galibi na katako ne, ana haɗa su da ƙusa. Katakon kuwa daga kudu yake zuwa, ta Najeriya da Benin, kuma kuɗinshi ba na wasa ba ne. Saboda haka tsohon jirgin da mutum ya gada wurin mahaifinshi dukiya ce. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma fa sai in gyaran na gaskiya ne.

ABIN DA KE KASHE JIRGI

Mutane da yawa suna zaton ruwan kogi ne ke ruɓar da jirgi. Ba haka abin yake ba. Iccen da ke nutse cikin ruwa kullum yana daɗewa ƙwarai. Wanda ke ruɓewa shi ne iccen da ke zaune da laima kuma iska na samun shi. Don haka ruɓa ta fi kama wuri uku: daidai layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, da ƙarƙashin itatuwan da ke gicciye a ciki suna riƙe da katakai kamar haƙarƙari, da kuma gindin jirgi inda ruwan sama da laka da ƙayar kifi ke kwana.

Na biyu shi ne rana. Icce yana kumbura in ya sha ruwa, yana tsukewa in ya bushe. In aka bar jirgi a fili cikin zafin bazara babu inuwa, sai ya tsage, katakai su rabu da juna.

Na uku tsatsa. Ƙusar ƙarfe tana cinyewa a cikin katako, kanta yana nan a waje kamar lafiya lau, alhali cikinta ya zama kamar zare. Alamarta ita ce baƙin tabo ko jan zane da ke gangarowa daga kan ƙusa.

Na huɗu gara, ga jirgin da aka aje kai tsaye bisa ƙasa. Na biyar kuwa ja: duk ranar da aka ja jirgi bisa tsakuwa ko dutse, gindinshi yana raguwa kaɗan.

KAFIN A SA HANNU, A DUBA

Gwanin gyara ba ya fara aiki da tukunyar kwalta. Da farko a fidda jirgi, a wanke shi ciki da waje, a ɗora shi bisa gumagumai ƙarƙashin inuwa ko rumfar zana. A kankare tsohuwar kwalta da tsoffin facin kwano duka, har a ga fuskar icce. A nan ne mafi yawan masu jirgi ke yin ƙyuya, domin kankara aiki ne mai gajiyarwa. Amma ciwon da ba a buɗe ba, ba a ganin zurfinshi.

Bayan haka a bi jirgi taki-taki da ƴar guduma ana ƙwanƙwasawa. Icce mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsini. Ruɓaɓɓe kuwa sautinshi a mace yake, kamar an bugi jiƙaƙƙen buhu. Duk wurin da aka yi shakka a soka tsinin wuƙa. In ta shige ba da ƙarfi ba, wurin ya mutu. A zagaye shi da gawayi ko alli. In an gama a ƙidaya wuraren, a auna tsawo da faɗin kowane, a rubuta. Da wannan takarda za a je wurin mai katako, kada a saya da ka, ya kasa ko ya yi yawa.

GYARAN TSAGA DA RUƁA

Tsagar da ta bi tsawon icce tana ci gaba in ba a tsaida ta ba. Dabarar ita ce a huda ɗan ƙaramin rami daidai inda tsagar ta ƙare, a kowane gefe, sannan a toshe ramin da ɗan turken icce. A share cikin tsagar, a cusa tsumma ko zaren auduga ko rama da aka jiƙa da abin liƙi. Daga ciki kuma a gicciya ɗan guntun katako mai ƙarfi a kafe shi, don ya riƙe gefen nan biyu.

Ruɓa ba ta da magani sai yanka. A yanke wurin har a wuce shi a kai ga icce mai lafiya, domin ruɓa tana yaɗuwa kamar gyambo. A sassaƙa faci daidai ramin, da busasshen icce irin na jirgin in da hali. A lura jijiyar facin ta bi hanyar da jijiyar jirgin ta bi. In aka gicciya ta, ko aka haɗa icce mai tauri da mai laushi, ba za su kumbura daidai ba, sai bakin facin ya buɗe. A jirgin katako kuwa, in ruɓa ta ci rabin katako, gara a cire shi ɗungum a sa sabo.

Ƙusoshin da suka yi tsatsa a cire su, a toshe ramukansu da turke, a buga sababbi kusa da wurin. Farar ƙusa mai rufin tutiya ta fi baƙa tsada, amma ta fi ta daɗewa cikin ruwa nesa ba kusa ba. In katako mai tauri ne, a fara huda ɗan rami kafin a buga, kada ya tsage. In ƙusa ta ɓullo ta ciki, a lanƙwasa bakinta ya koma cikin icce. Ta haka take riƙo, kuma ba ta yanke ƙafar yaro ko ta yage koma.

Facin kwano yana da amfani don tare gindin jirgi daga dutse, ko don a samu a kai gida ranar da jirgi ya ɓule a hanya. Amma a kan icce mai lafiya ake sa shi, da tsumma da kwalta a ƙarƙashi. Kwanon da aka buga bisa ruɓa yana tara laima ne kawai, ruɓar ta ci gaba a ɓoye.

TOSHE YOYO

Toshe tsakanin katakai tsohuwar sana'a ce a kogin nan. A 1828 wani Bafaranshe matafiyi, Rene Kaye, ya shiga jirgi daga Jenne zuwa Kabara, tashar Tumbutu. Ya ba da labarin manyan jirage waɗanda aka ɗinke katakansu da igiya, aka toshe tsakaninsu da ciyawa da laka, kuma akwai mutanen da aikinsu shi ne kwashe ruwa. Yau ƙusa ta maye igiya a mafi yawan wurare, amma toshi yana nan. Wasu suna cuɗa man kaɗanya da garin gawayi, wasu suna narka kwalta. A birni kuma ana samun gam da fenti na jirgin ruwa, ga mai hali.

Ko da me za a yi, ƙa'ida ɗaya ce. Icce ya kasance a bushe kuma da tsabta, in ba haka ba kwalta ba ta kamawa. A cusa tsumma da kaɗan-kaɗan, kada a danna shi da ƙarfin tsiya. Katakon da ya bushe zai kumbura in ya shiga ruwa. In an cika tsakani da yawa, sai ya ture ƙusa ko ya lanƙwashe. Mai narka kwalta ya yi nesa da zana da yara, kada kuma ɗigon ruwa ya faɗa cikin tukunya, domin tana tartsatsi tana ƙona mutum. Baƙin man mota da wasu ke shafawa, a bar shi: yana ɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha, yana cutar kifi.

In an gama, kada a ɗauki kaya ranar. A sa jirgi cikin ruwa maras zurfi kwana biyu ko uku ya sha ya kumbura. A kwashe ruwan, a zuba buhunan rairayi gwargwadon kayan da yake ɗauka, a bar shi ya kwana. Da safe a duba inda ruwa ya shiga. Wannan gwaji a bakin gaɓa ake yin shi, ba a tsakiyar kogi da mata da yara ba.

WANI JIRGIN BA YA GYARUWA

Wannan ita ce magana mai ɗaci. In gindin jirgi ya yi laushi daga goshi har baya, ko haƙarƙarinshi sun ruɓe da yawa, ko yana murɗewa in mutum biyu sun ɗaga shi, to kwanakinshi sun ƙare. A cire katakan da ke da saura a yi faci da su, ko a maida shi komin ban ruwan dabbobi. Shafa mashi kwalta a sayar wa wanda bai sani ba, ha'inci ne, kuma yana iya zama ɗaukar rai.

Ruwa ba ya karɓar uzuri. A watan Fabrairu na 2019 wani jirgi da ya taso daga Benin da ƴan kasuwa ya kife kusa da Sambera a jihar Dosso, mutum fiye da 40 suka salwanta. A watan Mayu na 2021, kusa da Wara a jihar Kebbi ta Najeriya, wani tsohon jirgin katako da aka cika da mutane da kaya ya karye a tsakiyar kogi, fiye da mutum 100 suka rasu ko suka ɓace. Waɗannan manyan jirage ne, shi ya sa rediyo ya faɗa. Ƙaramin jirgin da ya nutse da uba da ɗanshi, garinsu kaɗai ke jin labari.

Ga lissafi mai sauƙi. Litir 1 na ruwa nauyinshi kilo 1 ne. Jirgin da ya tara litir 100 ta hanyar yoyo, kamar an ɗora mashi babban buhun hatsi ne ba da sanin mai shi ba. Buhu ma ya fi dama, domin yana zaune wuri guda. Ruwa kuwa yana gudu zuwa gefen da jirgi ya karkata, ya ƙara danne shi. Don haka bayan gyara yana da kyau a ja layi da fenti a jikin jirgi. In ruwa ya taɓa layin, kaya sun isa, ko da wane ne ya zo da roƙo. Kuma kada a tashi babu ƙwarya ko gwangwanin kwashe ruwa.

ABIN DA GARI ZAI IYA YI TARE

Zarto da abin huda da farar ƙusa sun fi ƙarfin mutum guda, amma ba su fi ƙarfin ƙungiya ba. Masunta goma in suka haɗa kuɗi suka sayi kayan aiki, suka kafa rumfa guda a bakin ruwa, kowa ya huta. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci a cikinsu ya riƙe littafi: sunan mai jirgi, ranar gyara, abin da aka sake, da kuɗin da aka kashe. Baɗi ba sai an yi gardama ba. Sarkin ruwa da dattawa kuma su zagaya jirage sau biyu a shekara: kafin ruwan damina na Agusta da Satumba, da kuma kafin cikar da ke zuwa daga Gine da Mali wajen Disamba da Janairu.

Samari su zauna kusa da tsoffin masassaƙa su koya, tun suna da rai. Ranar 3 ga Agusta kuma, ranar dashen itatuwa, a tuna da maɗaci da kawo. Jirgin jikoki yana cikin wannan dashe.

Jama'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ruwa ya ja, rairayi ya fito. Wanda ke da jirgi ya kife shi yanzu, ya ɗauki wuƙa da guduma ya tambayi iccen lafiyarshi, tun kogi bai tambaye shi ba. Allah ya kiyaye masu shiga ruwa, ya maido kowa gida lafiya.