Ƙaramin Zaure, Babban Bashi: Makaɗa Masu Rangadi a Amurka da Birtaniya

Yau za mu leƙa Amurka da Birtaniya, mu shiga ƙananan zaurukan kiɗa masu ɗaukar mutum 200 zuwa 500, inda makaɗan rock da na alt-country masu rangadi gari-gari ke yada zango su yi wasan dare ɗaya, gari na wayewa su ɗaure kaya su kama hanya. Abin da nake so mu auna tare shi ne wannan: a waɗannan zaurukan ake ƙera makaɗan da daga baya suke cika filayen ƙwallo, don haka masu kwasar riba a manyan filaye akwai bashin ƙananan zauruka a wuyansu, kuma lokaci ya yi da za su biya. Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne, za mu saurare su.

Bari mu fara da kiɗan kansa. Country kiɗan karkarar kudancin Amurka ne, na jita da goge irin nasu da banjo, kuma cibiyar kasuwarsa tana birnin Nashville a jihar Tennessee. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin Nashville sun goge shi sun yi masa kwalliya don ya dace da gidajen rediyo, har wasu matasa suka ga ya yi nisa da talakan da ya haife shi. Wasu samari daga Belleville, wani gari a jihar Illinois kusa da St. Louis, suka kafa ƙungiya mai suna Uncle Tupelo, suka haɗa tsoffin waƙoƙin karkara da zafin kiɗan punk, suna waƙa kan rufe masana'antu da zaman kashe wando da shaye-shaye. Faifansu na farko, No Depression, ya fito a 1990, kuma da yawa daga nan suke fara lissafin abin da ake kira alt-country. Rediyoyin country ba su sa su ba. Abin da ya ɗauke su shi ne ƙaramar mota da ƙananan zauruka, tun daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gidan abinci mai suna Cicero's a St. Louis. Da suka watse a 1994, daga cikinsu Jeff Tweedy ya kafa Wilco, Jay Farrar kuma ya kafa Son Volt. Salo ne sukutum da ya tsiro ya yi rassa ba tare da taimakon rediyo ko talabijin ba, don kawai a kowane gari akwai wani ɗaki da zai buɗe musu ƙofa.

To yaya daren wasa yake a irin waɗannan zauruka? Makaɗa huɗu ko biyar ne cikin ƙaramar bas, sun yi tafiyar awa biyar ko shida daga garin da suka kwana. Da la'asar suke isowa, su da kansu suke sauke ganguna da lasifikoki su shigar ta ƙofar baya, su gwada sauti zaure na fanko. Dandamalin sau da yawa bai wuce gwiwa ba a tsayi. Wanda ke sahun gaba yana iya karanta jerin waƙoƙin da aka rubuta da hannu aka manna a ƙasa kusa da ƙafar mawaƙi, yana ganin mai jitar kwance, wadda ake kaɗawa a zaune, yana zamar da ɗan sandan ƙarfe a kan tsirkiyoyi yana taka fedoji da ƙafa. In tsirkiya ta tsinke kowa ya gani, mawaƙi ya riƙe jama'a da hira har a ɗaura wata. An tashi, wanda ya gama waƙa yanzu shi ne zai tsaya bayan teburi da zufarsa yana sayar da riguna da faya-fayai, domin kuɗin man gobe sau da yawa daga teburin nan yake fitowa. Ladan wasan kuwa, ko dai an yanke musu shi tun kafin su zo, ko kuma a raba abin da aka tara a ƙofa bayan mai zaure ya cire nasa.

Amfanin wannan wahala shi ne babu inda makaɗi zai ɓuya. Idan waƙa ba ta kama ba, zai ga mutane sun juya suna hirarsu, kuma gobe a wani gari yana da damar gyarawa. Wannan maimaici ne ke mayar da mai baiwa gwani. The Beatles sun hau dandamalin Cavern Club na Liverpool kusan sau 300 tsakanin 1961 da 1963 kafin duniya ta san su. A watan Mayun 1993 Alan McGee na kamfanin Creation ya ga Oasis a King Tut's Wah Wah Hut da ke Glasgow, zaure mai ɗaukar mutum 300, ya yi musu tayin kwantiragi, kuma shekara uku bayan nan suka tara mutum 250,000 a dare biyu a Knebworth. Jason Isbell, wanda yanzu ya tara kyaututtukan Grammy, ya yi shekarun 2001 zuwa 2007 yana bin hanya da Drive-By Truckers, ƙungiyar da har yanzu take komawa 40 Watt Club a garinsu na Athens, jihar Georgia, ta yi wasan gida. Ko Taylor Swift, wadda rangadinta na 2023 zuwa 2024 ya tara sama da dala biliyan 2, a Bluebird Cafe na Nashville mai kujera 90 wani jami'in kamfanin faifai, Scott Borchetta, ya saurare ta a 2004, tana da shekara 14.

Waɗannan wurare kuwa suna rufewa. CBGB na New York, inda Ramones da Talking Heads da Blondie suka tashi, ya rufe a 2006 bayan rikicin kuɗin haya. Lounge Ax na Chicago, wanda ya kasance kamar gida ga makaɗan alt-country, ya rufe a shekarar 2000. A Birtaniya, ƙungiyar Music Venue Trust ta ƙirga cewa a 2023 kaɗai zauruka 125 ne suka rufe ko suka daina sa kiɗa, kuma ribar da ire-irensu ke samu ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Dalilan a fili suke: haya ta tashi, kuɗin wuta da na inshora sun tashi, an gina gidajen kwana a unguwannin da da can sito-sito ne, sababbin maƙwabta suna kai ƙarar hayaniya, shi kuma mai zaure ba zai iya ninka kuɗin shiga ba don ganin makaɗan da ba a san su ba tukuna. Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da manyan wasanni ke samun kuɗin da ba a taɓa gani ba. Masana'antar ta zama kamar manomin da ya ga rumbu cike ya cinye har da iri.

Hujja ta farko da masu ja da biyan wannan bashi ke kawowa ita ce zamani ya canza, yanzu a waya ake gano mawaƙi, a TikTok da YouTube da Spotify, don haka ƙaramin zaure tsohon yayi ne. Gaskiya ne waya tana yaɗa suna, amma suna daban, abin sawa a baka daban. Abin da Spotify ke biya kan sauraro ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na dala ba, shi ma sai an raba da kamfanin faifai, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, ba a biyan komai a kanta. Misali mafi kusa da mu shi ne Mdou Moctar, Buzun nan mai kaɗa jita da hannun hagu daga Jamhuriyar Nijar. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙinsa suka bazu a Sahel daga waya zuwa waya, har suka kai kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds a Amurka. Waya ta buɗe ƙofa ke nan. Amma abin da ya kai shi kamfanin Matador da faifan Afrique Victime na 2021 shi ne shekarun da ya yi da ƙungiyarsa suna bin ƙananan zaurukan Amurka da Turai, suna kaɗa wa mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Buzanci, kuma ƙwarewar da ya je da ita a bukukuwan aure na Agadas ya samo ta. Gani ya kori ji. Da babu waɗannan zauruka, makaɗi daga Nijar ba shi da matakin farko da zai taka a can, domin ba wanda zai ba baƙo filin mutum 20,000 ran da ya sauka.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma na san da yawa cikin masu sauraronmu za su yarda da ita. Ana cewa waɗannan wurare mashaya ne, da cinikin giya suke rayuwa, wasu ba su da tsaro, kuma makaɗan da ake yabo wahala kawai suke sha. Ba ƙarya a ciki. A watan Fabrairun 2003 gobara ta tashi a zauren The Station a jihar Rhode Island lokacin da ƙungiyar Great White ke wasa, bayan an kunna wutar ado a ƙaramin ɗaki mai soson tare sauti a bango, mutum 100 suka rasu. Duk mai kare ƙananan zauruka dole ya tuna da wannan dare. Sai dai mu duba inda matsalar take. Zauren da ke fama da biyan haya shi ne wanda ba zai sa na'urar kashe gobara ko ya faɗaɗa ƙofa ba, kuma dogaro da giya ya samo asali ne daga cewa kuɗin tikiti ba ya biyan kuɗin dare. Talauci ne ke jawo duka biyun. An kuma gwada wata hanyar ta yi: 924 Gilman Street a Berkeley, jihar California, ya buɗe a ƙarshen 1986, 'yan sa-kai ne ke tafiyar da shi, ba a shan giya a ciki, yaro da babba kowa na shiga, kuma a nan Green Day suka koyi tsayuwa gaban jama'a. Idan kiɗan da kansa yana da abin da zai riƙe shi, mai zaure ba sai ya jira teburin giya ya biya masa kuɗin wuta ba.

Hujja ta uku ta masu kasuwa ce: wanda ba ya riba a bar shi ya rufe, me ya haɗa mai sayen tikitin babban fili da bashin wani ɗaki a Glasgow? Amsar ita ce ƙaramin zaure yana yin aikin da wani ne ke cin ribarsa. Shi ke ɗaukar asarar daren da mutum 30 suka zo, ya sake gayyatar makaɗan nan har su fara tara 300, kuma ranar da suka fi ƙarfin ɗakin, ranar suke barinsa su koma hannun manyan kamfanoni. Ba shi da kaso a kwantiragi, ba shi da kaso a faifai. Kasuwar ma ba a sake take ba kamar yadda ake faɗa: kamfanin shirya wasanni na Live Nation ya haɗe da kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster a 2010, kuma a watan Mayun 2024 ma'aikatar shari'ar Amurka ta maka shi a kotu bisa zargin danne abokan gasa. Mayar da wani abu ƙasa kuma ba sabon abu ba ne. Masu bin ƙwallon Ingila sun san gasar Firimiya tana zuba kuɗi a Football Foundation, wadda aka kafa a shekarar 2000 don gina filayen unguwa. A Faransa ana cire kashi 3.5 cikin ɗari daga tikitin wasannin kiɗa, a tara a cibiyar kiɗa ta ƙasa, a mayar da shi ga masu shirya wasanni da zauruka. Amurka ma ta amince da darajar waɗannan wurare lokacin annobar korona, da majalisa ta zartar da dokar Save Our Stages a watan Disambar 2020, aka ware dala biliyan 15, amma agajin gaggawa ne, ya zo ya wuce.

A Birtaniya shawarar da aka kawo ita ce fam 1 a kan kowane tikitin babban zaure ko filin wasa. Kwamitin al'adu na majalisar dokoki ya goyi bayanta a watan Mayun 2024, gwamnati kuma ta ce masana'antar ta fara da kanta bisa raɗin kai. Wasu sun riga sun fara: Enter Shikari sun ba da fam 1 daga kowane tikitin rangadinsu na 2024, Coldplay kuma suka yi alkawarin kashi 10 cikin ɗari na abin da suka samu a wasanninsu na Wembley da Hull a 2025. Abin a yaba ne, amma a ganina bai isa ba, domin abin da aka bar wa ganin dama, masu kunya ne kaɗai ke biyansa, sauran su zura ido. Ya kamata ya zama ƙa'ida a kan kowa, kuma a rubuta tun farko cewa wani kaso zai shiga hannun makaɗan da kansu, a biya musu mai da masauki, kada kuɗin ya ƙare a aljihun mai gidan haya. Zaure buɗe ba shi da amfani idan ƙungiyar da za ta hau dandamalinsa ta lissafa kuɗin hanya ta ga gara ta zauna a gida.