Ɗaukewar Numfashi a Barci: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya a Maganin da Ake Daɗewa Ana Yi?

Wanda likita ya ce masa numfashinsa na ɗaukewa a barci, ya kuma rubuta masa na'urar da zai riƙa kwana da ita, kafin ya kai gida ya sha fatawa kala-kala. Wannan ya ce na'urar tana kashe huhu, wancan ya ce in aka ɗauke wuta sai dai a wayi gari da gawa, wani ya ce wata uku kawai ake yi a warke. A cikin maganganun nan akwai na gaskiya, akwai na ƙarya, akwai kuma waɗanda suka haɗa duka biyun.

Ga yadda larurar take. Idan mutum ya yi barci, tsokokin maƙogwaronsa suna saki. A wajen wasu, tushen harshe da naman da ke bayan ganɗa sukan faɗa baya su toshe hanyar iska. Ƙirji na ta ƙoƙarin jan numfashi, iska ba ta wucewa, har daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum, ya ja numfashi da ƙara, ya koma barci bai san an yi ba. A gwajin barci, likitoci suna ƙirga sau nawa numfashin ke tsayawa ko raguwa sosai a awa guda: daga 5 zuwa ƙasa da 15 mai sauƙi ce, daga 15 zuwa ƙasa da 30 matsakaiciya, 30 zuwa sama mai tsanani. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ce kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 suna da ita a duniya. Babban maganinta shi ne na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ya bayyana wa duniya a 1981. Aikinta hura iska ta cikin tiyo da takunkumi, da ƙarfin da zai riƙe maƙogwaro a buɗe.

"Minshari ne kawai, ko kuma dannau ne"

Rabi gaskiya. Ba duk mai minshari ke da larurar ba. Minsharin da ake wa tsoro shi ne wanda yake yankewa ɗif, a yi shiru, sannan mutum ya ɓarke da shaƙewa. Idan aka haɗa da gyangyaɗi da rana, ciwon kai da safe, yawan tashi fitsari da dare, ko hawan jinin da ya ƙi jin magani, sai a nemi gwaji. Dannau abu ne daban: mutum ya farka, hankalinsa ya dawo, jikinsa ya ƙi motsi na ɗan lokaci. Mai ɗaukewar numfashi galibi bai ma san ya farka ba.

"In ka yi wata biyu ko uku da na'urar ka warke"

Ƙarya ne, kuma tana cikin ƙaryayyakin da ke sa mutane ajiye na'ura a saman wadrob. Na'urar ba ta sauya tsarin maƙogwaro, riƙe shi take yi a buɗe a daren da aka sa ta. Binciken da aka yi kan mutanen da suka daɗe da ita, sannan aka janye musu na mako biyu, ya nuna toshewar tana dawowa tun a dararen farko, gyangyaɗi ya biyo baya, hawan jini ya fara ɗagawa. Sauƙin da mutum ke ji shaida ce cewa magani na aiki. Ga mafi yawan manya, amfani da ita na shekaru ne, sai dai in an kawar da abin da ya jawo larurar kuma gwaji ya tabbatar.

"Jiki zai saba da ita, huhu ya yi lalaci"

Ƙarya ne. Na'urar ba ta yi wa mutum numfashi, ba kuma oksijin take ba shi ba. Iskar ɗaki ce take tacewa ta tura. Huhu da tsokar ƙirji suna aikinsu yadda suka saba. Abin da ke haifar da wannan zargi shi ne, wanda ya ɗanɗani barci mai kyau, ranar da ya kwana ba na'ura sai ya ji kamar ya fi dā wahala. Halinsa na dā ne ya dawo, sai dai yanzu yana da abin da zai gwada shi da shi.

"In aka ɗauke wuta cikin dare, mutum zai shaƙe ya mutu"

Ƙarya ne, ko da yake tambaya ce da ta dace da ƙasar da wuta ba ta da tabbas. An yi takunkumin da ƙananan ƙofofin fitar iska, irin wanda ke rufe hanci da baki kuwa yana da wata ƙofa da ke buɗewa da kanta da zarar iskar na'ura ta tsaya. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya ji ba daɗi, ya farka, ya cire. Asarar da ya yi ita ce sauran daren zai yi shi ba magani. Shi ya sa ake shawartar a tanadi batir, inbata ko sola. Kashe ɓangaren na'urar da ke ɗumama ruwa yana sa batir ya daɗe, don shi ne ya fi cin wuta. Haɗarin gaske yana wajen janareta: kada a kusanto da shi ɗaki ko taga, domin na'urar za ta zuƙi hayaƙin ta tura wa mai barci, matatar da ke jikinta kuma ƙura take tarewa, ba ta tare guba.

"Tunda ina jin sauƙi, ba sai na koma wajen likita ba"

Ƙarya ne, kuma nan ne ya kamata a fi tsayawa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a wannan larurar mai ɗakin barci yake yi lokacin da ake yoyon. Jin daɗin jiki da rana ba ya nuna komai ya daidaita, musamman ga wanda ya shekara goma yana ganin gajiya ita ce rayuwa.

Na'urorin zamani suna rubuta bayanan kowane dare a ɗan katin ajiya, wasu ma suna aikawa ta intanet: awa nawa aka sa ta, yawan iskar da ke tserewa ta gefen takunkumi, da adadin ɗaukewar numfashin da ya rage duk da magani. Burin likita shi ne adadin nan ya sauka ƙasa da 5 a awa. Daga bayanan ne yake gane ko ƙarfin iskar ya yi kaɗan, ko ya yi yawa har yana cika ciki da iska, ko takunkumin ne bai dace da fuskar ba. Akwai kuma kaɗan daga cikin masu fara amfani da na'urar da wani nau'in ɗaukewa daban ke bayyana musu, inda maƙogwaro yake a buɗe amma ƙwaƙwalwa ta yi jinkirin ba da umarnin numfashi. Yawanci yana wucewa da kansa, wani lokaci sai an sauya irin na'ura. Ba wanda zai gane wannan daga jin jikinsa.

Ziyarar farko ita ce mafi muhimmanci, kuma ya kamata a yi ta cikin makonnin farko, saboda a kwanakin farko ne ake gane wanda zai ɗore da wanda zai jefar. Matsalolin da ke korar mutane ƙanana ne masu gyaruwa: bushewar hanci da baki, ƙuje karan hanci, iska tana hura ido, jin kamar an matse. Sauya girman takunkumi, ƙara danshi a iska, ko saita na'ura ta fara a hankali kafin ƙarfinta ya hau, sukan magance yawancinsu. Bayan abu ya zauna, ziyara sau ɗaya a shekara ita ce abin da aka saba. Ba kowace ziyara ake sake gwajin barci ba. Ana sakewa idan nauyin jiki ya sauya da kimanin kashi 10 cikin 100 ko fiye, ko minshari da gyangyaɗi sun dawo, ko an yi tiyata, ko wani sabon ciwon zuciya ya bayyana.

Kayan na'urar ma suna tsufa. Robar takunkumi tana saki bayan wasu watanni ta fara yoyo, ana wanke ta da ruwa da sabulu marar ƙarfi, matatar iska kuma a lokacin hunturu tana toshewa da wuri fiye da yadda takardar kamfani ta ƙiyasta.

"Awa huɗu a dare sun wadatar, kuma na'urar tana hana ciwon zuciya"

Akwai gyara a duka biyun. Awa 4 a kashi 70 cikin 100 na darare ma'auni ne da inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ke amfani da shi don sanin wanda za ta ci gaba da biya wa kuɗin na'ura. Jiki bai san wannan doka ba. Nau'in barcin da ake mafarki a cikinsa ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma a cikinsa ne toshewar ta fi tsanani ga mutane da yawa. Wanda ya cire na'ura da ƙarfe biyu ya bar kansa ba kariya a lokacin da ya fi bukata. Haka barcin bayan asuba da ƙailula, su ma da na'ura ake yin su.

Batun zuciya kuwa, abin da ya tabbata shi ne na'urar tana rage gyangyaɗi, tana gyara yanayin rai, tana ɗan sauke hawan jini, tana kuma rage haɗarin mota, wanda ga mai larurar da ba ya magani ya ninka na sauran direbobi sau biyu ko fiye. Amma babban binciken da ake kira SAVE, da aka buga a 2016 kan mutum 2,717 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, bai ga ta rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Masu binciken sun lura cewa mutanen suna sa ta ne kimanin awa 3.3 kawai a dare, don haka maganar ba ta rufe ba. Hukuncin dai a fili yake: ba a ajiye maganin hawan jini ko na suga don an samu na'ura.

"Rage ƙiba na iya raba mutum da na'ura"

Gaskiya ne, da sharaɗi. Binciken jihar Wiskonsin ta Amurka da aka buga a 2000 ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyi yana tafiya da raguwar ɗaukewar da kimanin kashi 26, ƙarin kashi 10 kuma yana ƙara ta da kimanin kashi 32. A Disamban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar tirzepatide ga manya masu ƙiba da ke da larurar matsakaiciya ko mai tsanani, kuma ta hanyar rage nauyi take aiki. Sharaɗin shi ne gwaji ne zai ce an rabu, ba sikeli ba. Sirara ma suna da larurar, saboda ƙaramin muƙamuƙi ko ƙuncin maƙogwaro, mata kuma haɗarinsu yana ƙaruwa bayan ɗaukewar al'ada.

"A kai shi wajen wanzami a cire beli, shi ke nan"

Ƙarya ne. Toshewar tana faruwa a wurare da dama, har da tushen harshe, inda askar wanzami ba ta da abin yi. Abin da za a iya kwasowa shi ne zubar jini, ƙwayoyin cuta da sandarewar jiki. Ko tiyatar da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ke yi ba ta warkar da kowane babba, takan rage minshari ta bar ɗaukewar, shi ya sa ake sake gwaji bayanta. Yara ne suka fi cin moriyar tiyata, domin a wajensu kumburin tonsil da naman bayan hanci ne kan jawo larurar, kuma ta fi yawa a yara masu sikila. Ga babban da ya kasa jure na'ura akwai abin da likitan haƙori ke ƙerawa, a sa a baki ya turo muƙamuƙin ƙasa gaba. Shi ma yana bukatar bibiya, don yakan sauya zaman haƙora da daɗewa.

"An taɓa janye irin waɗannan na'urori daga kasuwa"

Gaskiya ne. A Yunin 2021 kamfanin Philips Respironics ya janye miliyoyin na'urorinsa, saboda soson da ke rage ƙara a cikinsu yana iya rududdugewa ya shiga hanyar iska, zafi da danshi kuma suna hanzarta hakan. Matsalar ta wasu samfura ce na kamfani guda. Darasin ga mai sayen ta hannu ko wadda ɗan'uwa ya aiko daga waje shi ne ya kai wa likita a duba lambarta, a kuma saita ta daidai da shi, don ƙarfin iskar da aka saita wa wani ba lallai ya yi masa ba.

Abin da za a je da shi

Ranar ganin likita, a tafi da na'urar ko katinta, da takunkumin, da duk magungunan da ake sha. Maganin sa barci irin su diazepam, da kodin, da tiramadol, da giya, duk suna ƙara sakin maƙogwaro ko danne numfashi, ɓoye su cutar kai ne. In da hali a tafi da mata ko miji, tunda su ke jin abin da ake yi da dare. Wanda za a yi wa tiyata kowace iri ya faɗa wa likitan da ke sa barci cewa yana da larurar. Direban da ya soma gyangyaɗi a kan sitiyari kuwa, ko da na'ura ko babu, kada ya jira ranar da aka rubuta masa a kati: ya ajiye mota ya je yanzu.