Kallon Jiragen Je-ka-ka-dawo a Mahaɗar Idu: Abin da Tasha Take Nunawa Game da Gari

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana abin da mutum zai iya fahimta game da gari da mutanensa in ya tsaya a mahaɗar jiragen ƙasa ya zuba ido yana lura da shigar jirage da fitarsu. Misalin da muka ɗauka shi ne Idu, wadda take gefen birnin Abuja ta wajen yamma. Dalilin zaɓenta kuwa shi ne, tun daga 2016 wurin yake cikin sauyi: an buɗe layi, an ƙara wani, an dakatar, an kuma sake buɗewa. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, haɗuwar dogo da dogo ba ta isa a ce mahaɗa ta cika ba. Sai lokacin wannan jirgi ya dace da na wancan, sai kuma tasha ta sadu da hanyar da za ta kai fasinja ƙofar gidansa.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Bahaushe yana da kalmomi uku na wurin da hanyoyi suka gamu, watau mahaɗa da magama da mararraba. Biyun farko suna duban wurin ta fuskar haɗuwa, ta ukun kuwa ta fuskar rabuwa. Wuri ɗaya ne, sai dai ya danganta da inda matafiyi ya fito da inda ya dosa. A wannan takarda za mu riƙe kalmar mahaɗa, domin haɗuwar ce muke son aunawa.

Kalma ta biyu ita ce je-ka-ka-dawo. Mu malamai mun santa a kan makarantar da ɗalibi yake zuwa da safe ya koma gida ya kwana. Mun aro ta nan don mu kira jirgin da yake ɗauko ma'aikata da 'yan kasuwa daga unguwannin bayan gari ya kai su cikin birni da safe, ya komo da su da yamma. Irin wannan jirgi ya bambanta da jirgin doguwar tafiya ta hanya uku: tashoshinsa suna kusa da juna, tsayawarsa a kowace tasha gajeriya ce, fasinjansa kuma shi ne dai na jiya, shi ne na gobe.

3.0 TSOFAFFIN MAHAƊU NA AREWA

Kafin mu isa Idu, ya kyautu mu waiwayi mahaɗun da muka gada, don a ga inda suka saɓa da ita. Dogon da aka faro daga Baro ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da wanda ya taso daga Ikko suka zama reluwe ɗaya, Minna ce kuwa wurin da dogayen biyu suka gamu. A 1927 dogon gabas, wanda ya taso daga Fatakwal, ya zama ya haɗu da na yamma a Kaduna, yana da reshe daga Kafanchan zuwa Jos. Daga Zariya wani reshe ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, wani kuma daga Kano ya kai Nguru a 1930.

Abu biyu ne abin lura a nan. Na farko, an shimfiɗa waɗannan layuka ne musamman don kaya, watau gyaɗa da auduga da fatu da kuza, a kai su bakin teku. Fasinja ƙari ne a kan kaya. Na biyu, tasha ce ta jawo gari. Kafanchan misali ce bayyananniya, domin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da suka zauna kusa da tasha su ne suka bunƙasa ta. Ke nan a tsohuwar mahaɗa ba a sha wahalar kai mutum tasha ba, tun da gidansa da kasuwarsa a gindinta suka tsiro.

A Abuja al'amarin ya juya. An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da doka a 1976, gwamnati ta ƙaura can a Disamban 1991, unguwanni irin su Kubwa da Gwagwa da Dei-Dei suka cika da jama'a ta hanyar mota. Sai bayan shekara 25 da ƙaurar jirgin fasinja ya fara tashi. Gari ya riga dogo, saboda haka dogo ne yake neman mutane a inda suka riga suka zauna.

4.0 YADDA IDU TA ZAMA MAHAƊA

Layi na farko shi ne na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kimanin kilomita 186, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ran 26 ga Yuli, 2016. Yana tashi daga Idu, ya bi ta Kubwa da Jere da Rijana, ya ƙare a Rigasa, gefen Kaduna. Faɗinsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,435 ne, na tsohon dogo kuwa milimita 1,067, watau ƙafa uku da inci shida. Saboda wannan bambanci, jirgin da ya taso daga Idu ba ya iya hawa tsohon dogon da ya ratsa Kaduna ya zarce Kano. Wannan shi ya sa a 2021 aka aza harsashin sabon dogo mai faɗi daga Kaduna zuwa Kano.

Layi na biyu shi ne jirgin cikin birnin Abuja, wanda aka buɗe ran 12 ga Yuli, 2018. Tsawonsa ya ɗara kilomita 40, yana da tashoshi 12, kuma reshe biyu ne. Ɗaya ya taso daga tsakiyar birni ya bi ta Filin Wasa da Kukwaba da Wupa da Idu da Bassanjiwa ya ƙare a Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe. Ɗayan ya rabu daga Idu ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei da Kagini ya ƙare a Gbazango, yankin Kubwa. Da wannan ne hanya huɗu suka gamu a Idu: ta Kaduna, ta tsakiyar birni, ta filin jirgin sama, da ta Gbazango.

Amma a 2018 tasha uku kaɗai aka buɗe wa fasinja, watau ta tsakiyar birni da ta Idu da ta filin jirgin sama. Reshen Gbazango, wanda shi ne ya ratsa unguwannin talakawa, bai fara ɗaukar kowa ba. A 2020 annobar korona ta sa aka dakatar da jirgin cikin birni, ya kuwa shekara huɗu a ajiye. Layin Kaduna shi ma ya tsaya bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgi ran 28 ga Maris, 2022, inda aka kashe wasu fasinjoji aka sace wasu da dama. Bai koma aiki ba sai ran 5 ga Disamba na wannan shekara. Watau an yi wata takwas Idu tana da dogo huɗu ba ta da fasinja. Ran 29 ga Mayu, 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da jirgin cikin birni, bayan an gyara tashoshi an yi musu hanyoyin mota, ya kuma ce a hau kyauta har ƙarshen shekarar.

5.0 ABIN DA MAI KALLO ZAI LURA DA SHI

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma gani ba ya amfani sai mutum ya san abin da yake dubawa. Abubuwa biyar ne muke ganin sun fi muhimmanci.

5.1 Kayan hannu

Kayan da fasinja ya riƙo yana faɗin irin tafiyarsa. Mai akwati matafiyi ne, ko dai Kaduna ya nufa ko filin jirgin sama. Mai 'yar jaka ko mai hannu wofi kuwa, yau zai dawo. Akwai kashi na uku da layin Kaduna ya fito da su fili, watau masu aiki a Abuja waɗanda iyalinsu suke Kaduna. Su je-ka-ka-dawonsu na mako ne: su tafi gida ran Juma'a, su komo ran Lahadi ko Litinin da asuba. Adadinsu a jirgi ya ƙaru ne a shekarun da satar mutane ta addabi hanyar mota ta Abuja zuwa Kaduna, har tikiti ya yi wuya, 'yan bumburutu suka shiga tsakani. Don rage wannan aka soma sayar da tikiti ta intanet a 2021.

5.2 Inda jirgi ya cika da inda ya tafi wayam

A kowane birni da ofisoshi suka taru a tsakiya, gidajen masu ƙaramin ƙarfi kuma suka koma gefe, jirgi yakan cika ta fuska ɗaya da safe ya koma kusan wayam, da yamma kuma abin ya juya. In mai kallo ya ga haka a reshen Gbazango, to ya san jirgin ya fara aikin da aka yi shi dominsa. In ya ga cikar ta fi yawa ran hutu da tsakar rana, yara da iyaye sun yi ado, to yawon buɗe ido ake yi. Wannan ne ya sa ba a auna bukatar jama'a da cikar jirgi a lokacin da ake hawa kyauta. Ma'aunin gaskiya shi ne wanda ya dawo bayan an sa kuɗi.

5.3 Tazara tsakanin jirgi da jirgi

Matafiyin Kaduna yana iya shirya ranarsa bisa lokacin jirgi. Ma'aikaci ba ya iyawa, domin lokacin ofis ba ya jiran kowa. A ƙaddara jirgi yana zuwa sau ɗaya a sa'a: wanda ya iso tasha ba tare da duba jadawali ba zai jira rabin sa'a a tsaka-tsaki, wanda kuwa ya makara da minti ɗaya ya yi asarar sa'a guda. Irin wannan mutum gobe mota zai shiga, ko da kuwa kuɗinta ya fi yawa, kamar yadda ya ƙaru bayan janye tallafin man fetur a 2023. Saboda haka yawan zuwa ya fi gudu muhimmanci ga jirgin je-ka-ka-dawo. Layin Kaduna yana da nasa ƙaidin: dogo ɗaya ne, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tashar da aka yi wa dogon rataye. In ɗaya ya makara, ɗayan ma ya makara. In kuwa jirgi ya sauka daga kan dogo, kamar yadda ya faru kusa da Asham a Agustan 2025, layin duka ne yake tsayawa.

5.4 Masu sauya jirgi

Wannan shi ne babban ma'aunin mahaɗa. Mai kallo ya ƙirga mutum nawa ne daga cikin waɗanda suka sauka daga jirgin Kaduna suka wuce jirgin cikin birni, nawa kuma suka fita neman tasi. A nan ne ake ganin tasirin mulki a kan ƙarfe. Layin Kaduna yana hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955. Jirgin cikin birni kuwa na Hukumar Babban Birnin Tarayya ne. Kowace da jadawalinta da tsarin tikitinta. Muddin hukumomin biyu ba su zauna sun daidaita lokaci ba, fasinja zai iya sauka ya tarar ɗayan jirgin ya tashi da minti biyar. A lokacin nan Idu ta zame masa mararraba.

5.5 Bakin ƙofar tasha

Tafiya ba ta ƙarewa a kan dandamali. Idu unguwar masana'antu ce, nesa da gidajen yawancin masu hawa. Don haka a dubi abin da yake jiran fasinja a waje: bas ce mai araha, ko Keke Napep, ko tasi wadda kuɗinta ya fi na jirgin? Mai motar kansa wannan bai dame shi ba. Leburan da yake zaune a Gwagwa kuwa, in zai biya kuɗin abin hawa sau biyu kafin ya kai tasha da bayan ya sauka, rangwamen jirgi ya tashi a banza.

Akwai kuma waɗanda mai kallo ba zai gani a Idu ba sam. Dubban ma'aikatan Abuja suna kwana ta gabas, a Nyanya da Karu da garin Mararraba na Jihar Nasarawa, inda cunkoson motoci ya yi suna. Layukan da aka buɗe a 2018 duk sun fuskanci yamma da arewa maso yamma, ba su bi ta can ba.

6.0 AMFANIN WANNAN GA MALAMI

Malamin labarin ƙasa ko na nazarin zamantakewa yana iya mai da abubuwan nan biyar aikin fili. Bayan an nemi izinin shugabannin tasha, sai a raba ɗalibai rukuni-rukuni, wasu su riƙe agogo, wasu su ƙirga masu sauka da masu hawa, wasu su tsaya a ƙofa. A yi haka da safe da yamma, ran aiki da ran hutu, sa'an nan a kwatanta. Abin da ake bukata bai wuce littafin rubutu da agogo ba. Wanda makarantarsa take nesa da Abuja yana iya gwada wannan a Rigasa, ko ma a tashar mota, domin tambayoyin ba su sauya ba.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa tsofaffin mahaɗu irin su Minna da Kafanchan an yi su ne don kaya, gari kuma ya biyo tasha, alhali Idu an yi ta ne don mutane a garin da ya riga ya kafu. Mun kuma ga cewa dogaye sun gamu a Idu tun 2018, amma sauran haɗuwa uku, ta lokaci da ta tikiti da ta hanyar unguwa, aikin hukuma ne na yau da kullum. Wannan darasi ya shafi Kaduna da Kano da Katsina har zuwa Maraɗi, inda aka aza harsashin sababbin layuka a 2021. Ya kamata masu tsara waɗannan garuruwa su tanadi amsar tambayoyin nan biyar tun kafin a kafa tasha, domin gyaran jadawali yana da sauƙi, amma ɗauke tasha daga inda aka gina ta ba ya yiwuwa.